Shekarar da Muka Yi Azumi Ranar Salla

Babu ɗaya cikinku da bai ji labarin shekarar da ƙauyenmu ya yi azumi ranar Salla ba. Kun ji shi a bakin gwaggonninku, kun ji shi a wajen suna da biki, wasunku ma sun ba 'ya'yansu suna dariya. Yadda ake ba da shi kuwa, wai kakanku Liman ya ƙi shaidar Musulmi biyu da suka ga wata da idonsu, ya bi takardar Nasara, takardar kuma ta yi ƙarya. Sau da yawa an ba da labarin nan ina zaune, na sunkuyar da kai, ku kuma kuna taɓa juna kuna cewa a bari, Baba ba ya son a taɓa mahaifinsa. Ba abin da ya sa nake sunkuyar da kai ke nan ba. Yanzu da likita ya hana ni gishiri da doguwar tafiya da ƙafa, na ga gara in gyara labarin tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

A lokacin ina da shekara goma sha tara, ina makarantar horon malamai a Sakkwato, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Ni yaro ne marar magana. Idan baƙo ya gaishe ni, ƙasa nake amsa wa. A makaranta ba na ƙwallo, ba na muhawara, abin da na iya shi ne jan layi da rula da rubutu mai tsabta, har malamai kan ɗaga littafina su nuna wa 'yan aji. A gida kuwa misali ake yi da ni. Iyaye mata kan ce wa 'ya'yansu, ku dubi Haliru ɗan Liman, ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Na daɗe ina zaton wannan hali nawa tawali'u ne, tunda kowa haka yake kiransa. Sai da na manyanta na gane yadda abin yake. Mai surutu yana kuskure sau goma a yini, a yi masa dariya sau goma, har fatarsa ta yi kauri ya daina ji. Mai shiru kuwa dariya guda ɗaya yake tsoro fiye da wuta, kuma duk shirun nasa gadinta yake yi kada ta iso shi. Mutum ɗaya ce ta gane ni tun ina ƙarami, Iya Ige, mahaifiyar Baba, wadda kamar kowace kaka take kirana mijinta. In ta ji ana yabona sai ta taɓe baki ta ce:

"Wanga miji nau? Shiru-shiru awa tukunyar da anka rufe. Ku dai ku yi ta yabon murfi."

Muna da wani Bature a makaranta mai koya mana labarin ƙasa. Yana da wani ɗan littafi da aka jera ranakun haihuwar wata na shekara guda cur. Ya bayyana mana cewa ranar da aka haifi wata ba a ganinsa, sai ya kwana ɗaya, sa'an nan ya bayyana da magariba. Abin ya shiga raina ƙwarai. Na roƙe shi aro, na kwafe jerin a littafina, na ja layi da jar tawada, na duba sau uku ban bar ko ɗigo ba. Sai dai jerin da kwanan watan Bature yake aiki, lamba ce kawai, babu Litinin babu Talata. A ƙauyenmu kuwa babu mai kalanda, babu ma wanda ya damu da watan Bature. Don haka da aka ba mu hutun Salla a cikin goman ƙarshe na azumi, sai na ware shafi guda, na rubuta kwanan watan ranar da aka rufe makaranta, wadda ta kama Juma'a, na ƙudura kullum bayan sallar asuba zan buɗe akwatina in ƙara lamba ɗaya. Na hau babbar mota zuwa Tambuwal, yaran mota suka cilla akwatin nawa sama suka danne shi da buhunan gishiri. Ba mu yi rabin hanya ba sifirin motar ya karye, muka kwana a gindin wata tsamiya, washegari da la'asar muka shiga Tambuwal. Daga nan na sami masu jakuna muka gangara ta hanyar Kebbe zuwa gida.

Mai kunya ba ya yabon kansa, wannan gaskiya ne. Abin da yake yi shi ne ya nemi wanda ya fi kowa baki a gari, ya nuna masa abin, sa'an nan ya roƙe shi kada ya gaya wa kowa. Ni Ladan Tukur na nuna wa, ladanin masallacinmu, mutumin da ko raɗa ya yi sai an ji a bakin rijiya. Kafin kwana biyu gari ya ɗauka cewa ɗan Liman ya zo da takardar da ta san ranar Salla.

Ƙauyenmu a kwari yake, kun sani, tudu ya tare mana yamma. Saboda haka tun kafin a haife ni ba mu cika ganin jinjirin wata da kanmu ba, daga kan tudu ake kawo mana shi. Babbar gonar Baba a kan tudun take, kuma kowace shekara da an kawar da amfani sai Jabbi ya sauka a cikinta da shanunsa, su yi rani suna zuba mata taki. Jabbi Bafulatani ne dogo, siriri, sa'ar Baba. Shi ma ba mai yawan magana ba ne, amma shirunsa ba irin nawa ba ne. A kasuwar Kebbe in Jabbi ya ce saniya lafiyarta ƙalau, ba wanda zai buɗe mata baki ya duba. Yana kiran Baba da Modibbo, wato malam da Fulatanci, Baba ne ya raɗa wa 'ya'yansa suna, kuma ban taɓa ganin Baba yana dariya har haƙoransa su fito ba sai in suna zaune su biyu a kan buzu ɗaya. Al'adarmu ita ce in adalai biyu suka shaida a gaban Liman cewa sun ga wata, sai ya karɓa, maigari ya sa a buga bindiga, tungayen da ke kewaye su ji, mata su hau daka. Kusan kullum Jabbi ne ɗaya daga cikin biyun.

Ranar da azumi ya cika ashirin da tara muka sha ruwa a ƙofar masallaci, aka yi magariba, kowa ya juya yamma yana miƙa wuya. Ba a ga kome ba sai baƙin tudu. Ni ban ko ɗaga kai ba, domin bisa lissafina ranar ce aka haifi watan, sai gobe za a gan shi. Ba a jima ba sai ga Jabbi da ƙanensa Manu suna gangarowa da sauri, sanduna a kafaɗa. Suka yi sallama, Jabbi ya durƙusa gaban Baba yana haki.

"Modibbo, barka da shan ruwa. Wata ya tsaya."

Wuri ya ɗauki kabbara, yara har sun fara gudu za su kai labari cikin gida. Baba ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya yi masa tambayoyin da aka saba.

"Ina kag gane shi?"

"Bisa kukar nan mai rassa biyu, dama kaɗan da inda rana taf faɗi. Siriri awa gashin wutsiya. Bai daɗe ba."

"Manu, kai fa?"

"Na gani, Modibbo. Shi yan nuna min, na gani."

Baba ya gyara zama zai yi magana, sai Ladan Tukur ya yi gyaran murya irin ta kiran salla.

"Allah shi gafarta Malam, tunda muna da ɗan makaranta a gida, mi zai hana a tambaye shi? Ko ba don irin wagga rana anka kai shi Sakkwato ba?"

Ya kamata ku san cewa Baba ya sha surutu da ya sa ni makarantar boko. Malamai 'yan'uwansa sun ce ya ba da ɗansa sadaka ga Nasara. Shekara da shekaru yana haɗiye maganar, yana jiran ranar da za a ga amfanin abin. Ya waiwayo ya dube ni. Aka kawo fitila, na ɗauko littafin, na buɗe shafin jar tawada. Da murya ƙasa-ƙasa, ina duban tabarma, na ce bisa lissafi yau aka haifi wata, ba shi yiwuwa a gan shi sai gobe. Jabbi ya leƙo ya dubi shafin, ya dube ni, babu fushi a fuskarsa, mamaki ne kawai.

"Ɗan Modibbo, ita takardar, tana da ido?"

Aka kwashe da dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, tambaya ce ya yi tsakaninsa da Allah. Amma dariyar da nake gudu tun ina yaro ta same ni a tsakiyar mutane. Baba ya jira ta lafa, sa'an nan ya ce:

"Haliru, azumin mutane na a hannunmu. Ka tabbata?"

Na ce, "Na tabbata, Baba."

Da ihu na yi, da ba wanda ya yarda da ni. Amma mutane suna da wani rauni, in magana ta fito a hankali daga bakin wanda ba ya magana, sai su ɗauka daga zurfi ta taso. Nan take Ladan ya juya kan Manu da tambayoyi, ƙahonin watan sama suke duba ko kudu, kai ka fara gani ko nuna maka aka yi, ba reshen kuka ba ne? Manu bai saba da taro ba, ya rikice, ya ce sama, ya koma ya ce kudu. Wani daga baya ya ce ai mai kiwo in ƙishirwa ta yi masa yawa wata biyu ma sai ya gani. Baba ya daɗe yana jan carbi.

"Jabbi, ba ƙaryata ka nika yi ba. Amma in munka sha azumi bisa kure, nauyin garin ga duka bisa wuyana shike. Mu cika talatin."

Jabbi bai tashi nan da nan ba.

"Modibbo, shekara nawa nika kawo maka wata?"

"Da yawa."

"Ka taɓa maishe ni da shi?"

Baba ya ci gaba da jan carbinsa. Jabbi ya ɗauki sandarsa, ya yi sallama cikin ladabi, suka hau tudu shi da Manu. Ba a buga bindiga ba.

In da a nan labarin ya tsaya, da na ce kuskure ne irin na ɗan'adam, da ban ɓata takarda ba. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarku, Allah ya ji ƙanta, shi ne abin da ya faru washegari da safe. Mun yi sahur, mun yi asuba, na koma ɗaki na buɗe akwati na ƙara lambata ta ranar. Gari ya fara haske. Daga kan tudu iska tana kawo wata 'yar murya sama-sama, mutanen ruga ne suke kabbarorin Idi. Sai na ji ina son in ƙara jin daɗin gaskiyata, kamar yadda mutum kan koma ya sake duba sabuwar rigarsa. Na ce bari in bi lambobin da ranakun mako. Na sa yatsa a kan ta farko na ce Juma'a, ta biyu Asabar, har na iso ta ƙarshe. Yatsana ya tsaya a kan Asabar. Ranar kuwa Lahadi ce, ba shakka, shekaranjiya muka yi Juma'a. Na sake bi. Na sake bi na uku. Sai tsamiyar nan ta faɗo mini a rai, da akwatina a ƙarƙashin buhunan gishiri. Safiyar da muka wayi gari a hanya ban ƙara lamba ba, kuma da na iso gida sai na ɗora daga inda na tsaya. Kwana ɗaya ya ɓace mini. An haifi wata tun shekaranjiya. Takardar Bature, da na karanta ta daidai, cewa take yi jiya da magariba za a gan shi, siriri, ba zai daɗe ba.

Rana ba ta ko fito ba. Sallar Idi kuwa ana yinta har rana ta kusa tsakiya. Akwai lokacin buga bindiga, da wanka, da sa sababbin kaya, da aika yaro ya hau tudu ya ce Jabbi ya sauko ya tsaya a sahun gaba. Tsakanina da zauren Baba bai fi taki ashirin ba. Sau uku na je ƙofar zauren nan. Na farko na tarar da baƙi biyu, na ce ba a yi wa babba irin wannan magana gaban mutane, rashin ladabi ne. Na biyu na tarar yana karatu, na ce ba a katse mai karatu. Da na dawo ɗaki sai zuciyata ta zama malama, tana kawo mini hujjoji masu kyau. Ta ce ai tunda Liman ya riga ya yanke, hukuncinsa ya zauna. Ta ce wataƙila duk ƙasar ma ba wanda ya gani, kowa yana azumi, gobe a yi Salla tare, ba wanda zai sani. Har ta ce in na faɗa Baba ne zai ji kunya, don haka shiruna jinƙai ne gare shi. Ban taɓa sanin ina da basira haka ba sai ranar. Iya Ige tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, tana bina da ido ina kai da kawowa.

"Maigida, mi as same ka? Tun safe kana zagaye awa kazar da za ta yi ƙwai. In ƙwan na, aje shi mu huta."

Na ce kaina ke ciwo.

"Azumin ranar Salla na," in ji ta. "Ni ƙasusuwana sun gaya min. Amma wa ka tambayar tsohuwa, ga mai jar tawada?"

Na uku, hantsi ya yi, na tarar da Baba shi kaɗai, littafi a rufe, yana duban ƙofa. Ya ɗago.

"Haliru, da magana?"

Na ce, "A'a, Baba. Buta nika nema."

Ya nuna mini buta, na ɗauka na fita.

Bayan azahar sai ga ɗan aike daga Tambuwal yana tura keke, ƙaya ta fasa masa taya biyu tun safe. Ya tsaya a ƙofar masallaci ya dube mu da busassun leɓuna, ya ce, ku lafiya kuwa? An ga wata jiya a wurare da dama, Tambuwal an sauko Idi, Jabo an sauko, ya baro mutane suna cin tuwo. Lokacin Idi ya riga ya wuce, kuma a wurinmu ba a rama ta. Haka aka yi ta kiran mutane gida-gida a ce su sha ruwa, azumin yau haramun ne. Dattawa suka karya azumi da ruwan randa da rana tsaka kamar marasa lafiya. Mata suka hau daka suna zage-zage, yara suka sa sababbin riguna suna yawo ba inda za su. Baba ya miƙe a gaban jama'a, ya ce laifinsa ne shi kaɗai, ya nemi gafarar Allah da tasu, bai ko dubi inda nake ba. Wanda ya fara tsine wa takardar kuwa Ladan Tukur ne.

"Ni tun jiya raina bai kwanta da ita ba! Takardar wanda bai ko alwala, ina ta san watan Musulmi?"

Kafin magariba ba ka samun mutum ɗaya a garin da bai yi shakkar takardar ba tun jiya. Wanda ya yi maganar ƙishirwa ma cewa ya yi shi da ma Jabbi ya gaskata. Ni kuwa tausayina aka riƙa ji. Tsofaffi suna dafa kaina suna cewa yaro ba shi da laifi, abin da aka koya masa ne ya karanta, ku dubi yadda kunya ta kama shi, ɗan kirki. Na karɓi tausayin nan duka, ban mayar da ko kaɗan ba. Takarda ba ta da baki, ta dace da ni ƙwarai.

Kwana uku bayan haka aka wayi gari babu ruga a kan tudu. Jabbi ya kwashe shanunsa ya yi wajen Fakku, tun rani bai ƙare ba, bai yi sallama da kowa ba. A ranar Baba ya kira ni zaure ya ce in kawo littafin. Ba ya karanta boko, amma ya san hisabi, lambobi kuma ba su da wuya. Ya tambaye ni wace rana aka rufe makaranta. Ya sa yatsa yana bi, leɓunansa suna motsi. Ya kai ƙarshe, ya rufe littafin a hankali, ya miƙo mini.

"Kun kwana bisa hanya, ko?"

"Mun kwana."

"Yaushe kag gane?"

Na ƙura wa littafin ido. Ina jin ya tuna da butar, domin ya daɗe yana dubana. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya jawo ƙullin goro daga ƙarƙashin buzu.

"Nawa laifin na faɗe shi gaban mutane. Ni nit tambaye ka, ni niy yanke. Wanga ka kai ma Jabbi, ka gaishe shi. Sauran maganar taka ta, ba ni ɗaukar maka ita."

Na kwana a Kebbe, washegari na yi ta tambaya har na sami rugar a wani fako kafin Fakku. Duk tsawon hanyar nan ina shirya maganata. Na tsara ta da gabatarwa da tsakiya da kammalawa, na sauya kalmomi, na goge na sake, da rubutawa aka ce in yi da na ci lamba ɗaya. Jabbi ya tarbe ni kamar ba abin da ya faru. Ya shimfiɗa mini tabarma a inuwa, matarsa ta kawo fura da nono mai sanyi, ya tambayi Modibbo, ya tambayi Iya, ya tambayi gajiya har sau uku. Na miƙa goro na ce Baba yana gaisuwa, yana ba da haƙuri. Ya juya ƙullin a hannunsa bai kwance ba. Na buɗe baki zan fara gabatarwata, sai ya riga ni.

"Ɗan Modibbo, kak ka damu kanka. Kai ba ruwanka, karantawa kay yi. Ka ga, da a ce kai kac ce ma babanka ba ka yarda da ni ba, shi kuma yab bi ka, wallahi da ban tashi ba. Ɗa na. Kowa ɗansa na iya rufe mai ido, ni ma nawa sun sha rufe min. Da na yi fushin kwana biyu na sauko mun ci goro."

Ya ajiye goron a gefe.

"Amma ba kai yab bi ba. Takarda ta. Wani can da bai san ni ba, bai san tudun ba, bai taɓa kwana waje ba, ya zana abu, Modibbo ya aza shi bisa sikeli da ni, ni nif fi sauƙi. Shi na ban iya zama kusa da shi."

Ku duba yadda Allah ya shimfiɗa mini hanya. Mutumin nan da bakinsa ya gaya mini maganar da za ta mayar da shi gonar Baba, kuma ita ce ainihin gaskiyar da na zo da ita. Ba sai da gabatarwa ba. In ce, Baffa, takardar tare da kai take, ni ne na ɓatar da kwana, ɗansa Baba ya bi. Zai dube ni, wataƙila ya yi dariya, wataƙila ya kira Manu ya ba shi labari, mutanen ruga su yi ta dariyar ɗan makarantar da bai san ranar da yake ciki ba. Iyakar abin da zai same ni ke nan. Na dubi ƙwaryar furar, na ce:

"Haka ne, Baffa. Allah ya ba da haƙuri."

Ya raka ni har bakin hanya, ya ba ni man shanu in kai wa Iya.

Da na dawo na sami Baba a zaure. Ya bari na sha ruwa.

"Mi yac ce?"

"Ya ce yana amsawa. Ya ce babu kome."

"Kai mi kac ce?"

Na sunkuyar da kai. Ya jira, ya ƙara jira. Can ya ɗauki carbinsa.

"To. Tana nan tana jiranka."

Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya yi shekara goma sha ɗaya bayan haka ana kiransa, a bayan idonsa, Limamin takarda. Duk kaka in an kawar da gero yakan sa a bar kara a gonar tudu kada a ƙone, ko da baƙi za su sauka. Wasu Fulanin sun sauka, ba Jabbi ba. Ni kuma kowane hutu ina cewa wannan karon zan je Fakku. Na gama makaranta, aka ba ni aji, na yi aure, na zama hedimasta, na yi shekaru ina tsayawa gaban yara ina gaya musu cewa amsa laifi ba ya rage mutum. An ce na iya wannan huɗubar ƙwarai. Labarin rasuwar Jabbi a bakin wani mai sayar da shanu na ji shi, a tashar Tambuwal, bayan an yi wata biyar.

To, ga yadda abin yake, ku gyara shi a bakinku da bakin 'ya'yanku. Kakanku bai fifita takarda a kan amininsa ba, ɗansa ya tambaya, ɗan ya ce ya tabbata. Takardar ba ta yi ƙarya ba. Jabbi kuwa ya ga wata.

An gaya mini jikokinsa suna shigowa kasuwar Kebbe da shanu, wai akwai wani dogo a cikinsu da ake kira da sunansa. Wanda ya fi kusa a cikinku ya neme shi, ya sayi goro mai kyau, ya zauna ya gaya masa duk abin da ke nan. Da baki za a faɗa, kada a miƙa masa takarda. In ya tambaya me ya hana tsohon zuwa da kansa, kada ku ce likita. Mota tana zuwa Kebbe kullum, kuma likita bai hana ni zama a mota ba.